Bakano Ya Ga Ruwan Da Ba Na Sayarwa Ba

Alhaji, bawan Zage-zagi, ina gajiya? Ba gaisuwar fatar baki ba ce, da gaske nake tambaya. Labari ya iso mini har Tudun Wada cewa tun da muka dawo sai an riƙe ka kake fitowa daga mota, matakalar benen shagonka kuwa kun yi hannun riga da ita, yara ke hawa su sauko maka da kaya. An ce Hajiya ta ƙarar da man zafi a ƙwaurinka. Allah ya sawwaƙe. Ubangida na ƙwarai ba ya ganin bawansa cikin wannan hali ya yi shiru, don haka zan gaya wa jama'a abin da ya faru tun kafin ka gama rarraba musu naka labarin a kan sari.

Ɗaurin aure ne ya kai mu Suleja cikin watan Fabrairu. An shafa fatiha tun da hantsi, an ci an sha, ga sauran yini a gabanmu. Na ce mu je Gurara mu ga ruwa. Ka ce, "Me ake sayarwa a can?" Na ce babu. Ka ce, "To me ake saye?" Na ce shi ma babu. Ka daɗe kana dubana, sannan ka ce, "To me za mu je yi?" Na ce kallo. Ka ce ai wannan ita ce cutar Zage-zagi, mutum ya ƙona mai ya tafi kallon abin da ba zai shiga aljihunsa ba. Ba ka yarda ka shiga mota ba sai da wani cikin 'yan ɗaurin aure ya ambata cewa doya tana araha a hanyar Minna.

Kafin mu bar garin ma sai da ka ba ni kunya. Ka ji maroƙi yana kiran Sarkin Zazzau, ka taɓa ni kana dariya, wai mutumin ya ɓata hanya, ya ɗauka a Zariya yake. To bari in maimaita maka karatun a gaban mutane, tunda a mota barci ka yi. Lokacin jihadi Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya da jama'arsa ya yo kudu, ya sauka Zuba. Bayan rasuwarsa ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin nan a 1828, aka riƙa ce masa Abuja, kuma har gobe mai sarautar garin Sarkin Zazzau ake kiransa. Da gwamnatin ɗan garinku Janar Murtala, Allah ya jiƙansa, ta yanke shawara a 1976 cewa a wannan yanki za a gina sabon babban birni, sai aka ɗauke sunan aka ba birnin, tsohon garin ya koma Suleja, da sunan Sarki Sulaimanu Barau. Suna sukutum muka ba Nijeriya, ko la'ada ba mu karɓa ba. Da Kanawa ne masu sunan, da har yau gwamnatin tarayya tana biyan haya duk shekara, kuma da tuni kun ƙara mata kuɗi.

Dutsen Zuma ma da muka hango, abin da ya fito daga bakinka shi ne, "Lah, dutsen ɗari!" Ka zaro takardar naira ɗari kana gwadawa ko sun zana shi daidai. Allah ya kafa dutse tun ba a halicci kakanka ba, kai kuma ta takardar banki ka san shi.

Muka bi ta Dikko muka kama hanyar Minna. A ƙauyen Bonu ake sauka daga babban titi a nufi ruwan. A ƙofar shiga ka yi abin da na san za ka yi. Aka faɗi kuɗin shiga, ka ce nawa ne gaskiyarsa. Mutumin ya ce ai ba ciniki ake yi ba, ga takarda. Ka ce to mu biyu ne, a yi mana kuɗin sari. Ya ce babu. Sai ka matsa kusa da shi ka rage murya, ka ce, "In na shiga ruwan bai yi mini ba, ana mayar da kuɗi?" Bawan Allah ya dube ni, ya dube ka, ya ce, "Alhaji daga Kano ko?" Wallahi ban gaya masa ba.

Ya kamata masu karatu su san shigar da ka yi don tafiya cikin duwatsu. Babbar riga ta gezna 'yar ciki da wando, sitati ya ji har tana ƙara in ka motsa. Hula mai tsada. Takalmi sau-ciki na fata wanda ƙasansa ya fi tangaran santsi. Agogo a hannu, wayoyi a aljihu ko'ina, carbi a yatsa. Na ce ka bar babbar rigar a mota, ka ce ai kai a gindin Dala ka tashi, hawan dutse a jininka yake. Alhaji, Dala matakalar siminti ce aka yi mata tun daga ƙasa har sama, kuma rabonka da ita tun malamin firamare ya kai ku. Tun daga lokacin, in an cire jirgin sama, ba ka ƙara hawa abin da ya fi bene biyu ba.

Gurara ana jin ta kafin a gan ta. Wani rugugi ne mai nauyi da ke tasowa daga ƙasa, ba ya tashi ba ya sauka, yana nan dai a haka. Ka tsaya ka kasa kunne, ka ce, "Wane kamfani ne a dajin nan? Injin wa ke aiki haka ba tsayawa?" A tunaninka duk abin da ya yi ƙara to Sharaɗa ce ko Bompai. Na ce ka dai taho.

Daga tudun da ake tsayawa kallo, mutum yana ganin kogin ya taho shimfiɗe a kan baƙin dutse, lafiya lau, sai kawai ƙasa ta ƙare masa ya zubo. Faɗin wurin ya kai mita 200, tsayinsa kuwa wajen mita 30. Da damina ruwan yakan rufe dutsen baki ɗaya, ja wur da laka, feshinsa na jiƙa mutum tun daga nesa, magana ma sai da ihu. Mu da rani muka je, ruwan ya ja baya ya rabu kashi-kashi, kowane kashi da hanyarsa a jikin dutsen, fari tas, wani ya faɗo kai tsaye, wani ya daki fa ya tarwatse ya sake haɗuwa. A ƙasa ga guraben ruwa tsakanin manyan duwatsu, ga yashi a gefe, ga itatuwa kore shar alhali duk hanyar da muka biyo ciyawa ta bushe an ƙone ta.

A nan ka yi shiru. Tun da nake da kai ban taɓa jin ka yi shiru da rana ba in ba salla kake ba. Na ga leɓenka na motsi, yatsunka na jan carbi, na ce alhamdu lillahi, yau ikon Allah ya ratsa Bakano. Na matso in ji ko wace addu'a ce. Ashe lissafi kake. Jarka nawa ke zuba a minti, kura nawa ke nan a awa, in aka buga da kuɗin da 'yan ga-ruwa ke sayarwa a Ƙofar Mazugal nawa zai tashi a yini. Ka juyo idonka ya yi ja, ka ce, "Asara! Duk wannan haka yake zuba a banza? Har da daddare?" Na ce har da daddare, har ranar Juma'a. Ka ce wa ke da wurin, kuma ya taɓa cewa zai sayar?

Abin da ya fi ƙona maka rai shi ne jin an riga ka. Na gaya maka can sama, a cikin Jihar Kaduna, an datse kogin nan an yi babbar madatsa, an ja bututu mai tsawon kilomita 75 har madatsar Usuma, don ƙara wa Abuja ruwan sha. Wato manyan da kake zuwa neman kwangila a wurinsu, da ruwan ƙasar Zazzau suke wanka su sa rigar da suke hana ka ganinsu da ita. Ka ce wa ya samu kwangilar bututun. Ban amsa maka ba.

Na san amsar da kake shirya mini, don na san bawana. Za ka ce Bazazzagi ne zai yi wa wani gorin ruwa, mutumin da ya shekara da shekaru famfon gidansa na fitar da iska? Za ka kawo Tiga da Audu Baƙo ya gina, ka kawo Challawa, ka ce Kubanni ko akuya tana tsallake ta da rani. Na ji. Amma mu ko ba ruwa a famfo, in mun ga kogi mun san a ce tubarkalla. Kuma ku ma Allah bai hana ku ba. Can kudancin jiharku, a Doguwa, ga duwatsun Riruwai, ga dajin Falgore, wuraren da mutum zai je ya wanke idonsa. Ka taɓa zuwa? Abin da ka sani game da Doguwa shi ne farashin masara. Ko su ɗin ma don sun jingina da iyakar Zazzau ne suka yi kyau.

Sauka zuwa gindin ruwan ba wata tafiya ba ce. Yaro mai lafiya kafin ka gama kirga kuɗin cinikin safe ya kai ƙasa. Da farko hanya ce sosai, daga nan sai ta koma tsakanin duwatsu da saiwoyin itace, nan ka taka, nan ka dafa, nan ka ɗan zauna ka zuro ƙafa. Wani yaron ƙauyen ya biyo mu yana nuna mana inda ake takawa, da silifas ɗinsa wanda aka ɗaure da waya. Ba mu yi nisa ba ƙaya ta kama hannun babbar riga. Ka tsaya kana lallashinta kana kiran kuɗin yadin. Ka naɗe rigar a kafaɗa, ta zamo. Ka sake naɗewa, hula ta karkace. Sai takalmin nan ya yi aikinsa: ƙafar dama ta tafi gabas, ta hagu ta ce ba da ita ba, ka rungume wani ɗan itace kana salati. Daga nan ka sallama. Ka tuɓe takalmi da safa da babbar riga ka ɗora wa yaron, ka zauna dirshan, ka riƙa sauka da mazaunai, dutse bayan dutse. Shaddar da kake hana 'ya'yanka taɓawa ita ta share hanyar Gurara ran nan.

Kana cikin wannan hali 'yan makaranta suka wuce mu a guje da malamarsu. Wasu 'yan bautar ƙasa suka wuce suna ɗaukar hoto. Sai ga wata dattijuwa Bagwariya ta fito daga wata 'yar hanya, ɗaurin itace a kafaɗa yadda matansu ke ɗaukar kaya, ko haki ba ta yi. Ta tsaya ta ba ka hanya, ta ga ba ka da niyyar wucewa, ta ce, "Sannu Baba," ta raɓa ka ta wuce. Na tabbata ta girme ka. Wannan "Baba" ta fi faɗuwar yi maka ciwo, ganin irin kuɗin da kake kashewa a kan baƙin shuni na gemu.

Yaron nan yana tafe yana ba mu tarihin da suke ba baƙi. Ya ce wani maharbi Bagwari mai suna Buba ne ya fara gano wurin a 1745, kuma mutanen da can sun riƙa kawo sadaukarwa a nan ga wasu iskoki biyu, Gura da Rara. Ka ja tsaki ka ce a'uzu billahi, jahiliyya. Alhaji, a hankali dai. Mutumin da ya gama yi mana alfahari da Dala bai kamata ya manta da Barbushe ba, da Tsumburbura, da baƙaƙen dabbobin da kakanninku ke kaiwa gindin dutsen. Su Gwarawa aƙalla sun zaɓi wuri mai ruwa.

A ƙasa yaron ya daina wasa, ya yi mana magana ta manya, kuma wannan ita kaɗai ce maganar da nake so mai karatu ya riƙe da gaske. Ya nuna farar kumfar da ke gindin magangarar, inda ruwa ke dukan ruwa, ya ce nan ba a zuwa. Ruwan wurin cike yake da iska, ba ya ɗaukar jikin mutum, ko gwanin ninƙaya ne sai ya ji yana nitsewa. Ga shi kuma juyawa yake yi, ya danna mutum ƙasa, ya ɗago shi, ya sake mayar da shi gindin dutse. Ya nuna wani gurbi da ya yi baƙi ya kwanta luf, ya ce wannan kwanciyar tasa zurfi ce. Ya ce duk dutsen da ka ga ya yi duhu yana sheƙi, gansakuka ce a kansa, kada ka yarda da shi ko da ƙafa ba takalmi. Da damina kuwa ba a shiga ko'ina, kallo kawai ake yi daga sama. Ruwan nan ya ci mutane, kuma yawanci samari ne masu ji da ƙarfi da suka zo yawon shaƙatawa. Sannan ya kai mu wani gefe inda ruwan ya ratso tsakanin duwatsu ya taru a kan yashi, garai-garai, kana ganin yatsun ƙafarka. Ya ce nan yara ke wanka.

Kai kuwa ka ce a kai ka na manya. Wai kai a kududdufin unguwarku ka koyi iyo, har kurme kake yi ka ɗauko kwabo. Wane kududdufi? Ramukan da kakanninku suka haƙa suka ɗebi ƙasar gini, ruwan sama ya taru a ciki, ai yawancinsu kun cike su da shara kun yanka filaye kun yi shaguna. Shi ya sa in an yi ruwa mai ƙarfi yake rasa gidansa ya biyo ku. Da ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022, Allah ya mayar da alheri, ba iyo na ga kuna yi ba, shanyar atamfa na gani. Yaron dai ya ƙi kai ka na manya, Allah ya yi masa albarka, don da yanzu ta'aziyya nake rubutawa, kuma da na rasa wanda zan riƙa aike.

Sai shirin shiga. Ka cire 'yar ciki, ka rage daga kai sai singileti da wando naɗe zuwa gwiwa. Ka jera wayoyi da agogo a kan fa. Saura kuɗi. Na miƙa hannu in riƙe maka, ka dube ni sama da ƙasa ka ce ba a ba Bazazzagi ajiya. Ka ƙulle su a leda, ka tura cikin hula, ka kafa hular a ka, ka danna ta har kunne. Haka ka nufi ruwa, tumbi a gaba, hular dubban nairori a sama.

Ƙafa ɗaya ka sa ka janye, ka ce wa ya zuba ƙanƙara. Ka sake sawa. Ka kai idon sawu, ka kai ƙwauri. 'Yan ƙananan kifayen nan da ba su kai ɗan yatsa ba suka zo suna tsattsagar maka ƙafa, ka daka tsalle ka ce kada. Tsallen nan shi ya kai ka kan dutse mai gansakuka, sai ji muka yi tinjim. Ka tashi ruwa sama, hannu na duka, ƙafa na duka, kana kiran sunayen Allah da na iyaye, kana cewa a kama ka, kana da iyali, kana da bashi a hannun mutane. Yaron ya tsaya a gefenka, ruwan iya cibiyarsa, ya ce, "Baba, miƙe tsaye mana." Ka miƙe. Iya cinya.

Ana cikin dariya sai ka shafa kai ka ji wayam. Hula ta kama hanya, tana tafe a hankali bisa ruwa, ta nufi wancan gefen gurbin. Jama'a, ni shaida ne, kuma zan faɗa ko a gaban alƙali: mutumin da yanzu-yanzu yake shirin nitsewa a ruwa iya cinya, shi ne ya faɗa da ƙirji ya bi hular nan. Ba iyo ba ne irin wanda aka sani. Ka ga yadda kaza ke yi in ta faɗa randa, to haka. Amma ka isa, ka cafke ta, ka buɗe ledar a tsakiyar ruwa ka ƙirga, sannan ka yi hamdala. Iyakar ninƙayar da aka ga Bakano ya yi a Gurara ke nan, kuma tsawonta bai wuce tabarma biyu ba.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda ba ka gaya wa kowa a Kano ba, kuma shi ya fi komai sa ni rubutun nan. Da ka ga ka riga ka jiƙe, sai ka ƙi fita. Ka ba yaron hular, shi ka yarda da shi, ka lallaɓa wajen wani ɗan zirin ruwa da ke zubowa daga kan fa, ka zauna ƙarƙashinsa ka ba shi baya. Ruwan na dukan kafaɗunka, ka rufe ido, kana wani irin nishi. Can sai ka fara dariya kai kaɗai. Ka watsa wa 'yan makaranta ruwa, suka rama, ka bi su. Wayarka ta yi ta kuka a kan dutse, na ce Alhaji ana kira, wataƙila daga kasuwa ne. Ka ce, "Rabu da su." Na ɗauka kunnena ne. Na ce in kaya ne suka iso fa? Ka ce su jira. Sama da awa guda ba ka tambayi kuɗin komai ba.

Ni dai na tsaya ina kallonka, har tausayi ya so ya kama ni. Ku Kanawa kun iya nema, wannan ko maƙiyinku ya sallama muku. Daga Kurmi har Dawanau, daga Singa har Ƙofar Wambai, ba wanda ya kai ku sanin inda kwabo ya kwana. Amma hutunku uku ne a duniya: Salla, biki, da gadon asibiti. Ko a bikin ma a bakin rumfa kuke tsayawa kuna waya. Ga mutum ya haura hamsin, ya je Dubai, ya je Chaina, bai san komai a can ba sai sito da otal, sai da ubangidansa ya ja shi da dabarar doya sannan ya san ruwan sanyi a gadon baya yana da daɗi. Kirarin garinku na cewa duk abin da mutum ya zo da shi an fi shi. To ka kawo mini irin wannan a cikin ganuwa in gani.

Muka yi alwala a nan, muka yi la'asar a kan falalen dutse. Kana sallamewa ka dawo hayyacinka, ka ce ko a tasha buta sai ka biya, nan ga shi kyauta, lallai mutanen nan ba su san abin da suke da shi ba. Sannan idonka ya kai kan robobin lemo da ledojin da baƙi ke watsarwa tsakanin duwatsu. Wannan kam abin takaici ne, mutum ya biya kuɗi ya zo don wurin yana da kyau, ya ci ya sha ya bar masa ƙazanta ya tafi. Ka tashi ka hau tsince robobin nan kana tarawa, 'yan bautar ƙasa har suna yaba maka, wai ga dattijo mai kishin muhalli. Ban tona maka asiri ba a lokacin. Ni na ji ka kana tambayar yaron nawa ake sayen kilo a nan.

Hawa kuwa, ba sai na tsawaita ba. Abin da aka sauka da mazaunai da gwiwa ake hawansa. Duk inuwar da muka tarar sai ka zauna ka ce kana duba yanayin wurin ne. A tsakiyar hanya ka tambayi yaron ko ba a samun ɗan sahu a nan. Da muka iso mota ka zaro kuɗi masu ɗan damshi ka miƙa masa ba tare da ya faɗi farashi ba, ba tare da ka taya ba, har ka ce ya riƙe canji. Na so a ce akwai ɗan jarida a wurin.

Yanzu ga abin da nake ji daga majalisarku ta bayan isha'i. Wai ka ratsa Gurara daga wannan gaɓa zuwa waccan. Wai har ka yi kurme a gindin magangarar. Wai wani Bazazzagi ya zame, ba don kai ba da ruwa ya tafi da shi. Alhaji, ka manta wanda ka ƙi ba ajiyar kuɗi hannunsa biyu a sake suke, kuma da waya a ɗaya. Komai yana nan: saukar mazaunai, ihun kada, tseren hula, har da muryar yaron yana cewa ka miƙe tsaye. Hoton ya fito tas, ana gane fuska.

Tunda yaren ciniki kaɗai kake ji, ga yadda za a yi. Doyar da ka cika mini but da ita a hanyar dawowa, har motata na jan ciki a kan kwalta, na samu labarin ka sayar da rabi a 'Yankaba ka mayar da uwar kuɗinka, ka ci sauran a riba. Motata ce ta ɗauko, man da na saya ta sha, don haka a lissafa mini kasona. Kuɗin shara na bana kada ka sa rai, na cire a ciki. Bidiyon kuma na sayarwa ne, kai na fara yi wa tayi saboda zumunci. Kuɗinsa kwandon gurasa, da yadi goma na irin shaddar nan amma wadda ba ta je Gurara ba, a kawo Tudun Wada kafin Juma'a, kuma kai za ka ɗauko da kanka. In ka ce albarka, maƙwabcin shagonka ya riga ya taya, kuma shi bai nemi ragi ba.